Yadda Ake Tono Tarihin Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa, Har a Gina Samfurinta a Kan Allo

Tun ranar da muka ajiye ɗan samfurin tashar jirgin garinmu a ɗakin karatu na makaranta, ba a yi mako guda wani bai aiko da tambaya ba. Ta ina kuka fara? Ina kuka samo tsofaffin hotunan? Nawa abin ya ci? Wasu malaman makaranta ne, wasu jikokin tsofaffin ma'aikatan reluwe ne da suka tarar da takardun kakansu a adaka ba su san yadda za su yi da su ba. Amsa ɗai-ɗai ta ishe ni, shi ya sa na jera abin a nan.

Misalaina daga layin Kano zuwa Nguru suke, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa Jogana, Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa kafin ya tuƙe a Nguru ta jihar Yobe. Wanda ke kan wani layin daban, matakan ba su canja ba. A bi su yadda na jera su. Mu da muka fara ta ƙarshe, wato yanka kwali, sai da muka rushe aikin wata biyu.

1. Tasha ɗaya, shekara ɗaya

Kowa da zumuɗi yake farawa, ya ce zai tattara tarihin layin daga Kano har Nguru. Tafiyar ta haura kilomita 200. Taura biyu ba ta taunuwa, balle Taura da Ringim da Gagarawa a baki ɗaya. Ka ɗauki tashar da za ka iya zuwa ka dawo a babur kafin la'asar, don za ka koma mata ya fi sau goma.

Bayan tasha, ka tsayar da shekara. Wannan shi ne abin da mutane ba sa gane amfaninsa sai sun yi nisa. Tashar da ake lodin gyaɗa a 1955 da tashar 1985 suna ɗaya ne kawai, amma kan jirgin daban, rufin ofis daban, har bishiyoyin bakin tasha daban. In ba ka tsayar da shekara ba, samfurinka zai zama faten lokuta: kan jirgi mai kwal ga kuma eriyar waya a bayansa. Mu 1958 muka ɗauka, da kaka, saboda a lokacin ne tasha ke cika da buhuna da raƙuma da jakai, kuma har yanzu akwai masu rai da suka ga wannan zamanin da idonsu.

Ku haɗu ku uku zuwa biyar. A samu mai haƙurin zama da tsofaffi, a samu mai hannun ƙira. Yaron da ya iya motar kara ko ta langa-langa ya fi mai digiri amfani a mataki na takwas.

Ku sayi littafi babba mai bangon kwali, irin na rajistar makaranta. Duk abin da aka ji, aka gani, aka auna, a ciki zai shiga da kwanan wata.

2. Neman izini kafin a taka dogo

Kada ka tsallake wannan. Dogo da duk abin da ke jikinsa, da filin da ke gefensa, mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955. Ciyawa ta rufe shi ko ba ta rufe ba, yana da mai shi. Sa'annan ɓarayin ƙarfe sun ɓata wa kowa suna. Duk wanda aka gani ya durƙusa a kan dogo da tef a hannu, ɗan jari-bola za a ɗauke shi.

Mu abin ya same mu a fitarmu ta biyu. Muna cikin goge tsatsa a jikin wani ƙarfe don mu karanta rubutunsa, sai ga 'yan sintiri huɗu da gora. Bayanin duniya mun yi, ba su saurara ba, sai da aka tasa ƙeyarmu zuwa ƙofar mai unguwa. Allah ya taimake mu ya san mahaifin ɗayanmu. Laifinmu ne, ba nasu ba.

Ga yadda ake yi. A fara da mai unguwa, shi zai kai ku wurin dagaci. In kun durƙusa kun gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku a gajarce: "Ranka ya daɗe, tarihin tasha muke rubutawa saboda yaran makaranta. Aune-aune za mu yi da ɗaukar hoto, ko ƙusa ba za mu ɗauka ba." Ku roƙi a haɗa ku da mutum ɗaya ɗan gari da zai riƙa raka ku. Daga nan ku je wurin ma'aikacin reluwe da ke kula da tashar, in babu kowa a nan ku nemi ofishinsu na Kano, da takarda daga makarantarku ko ƙungiyarku mai hatimi. Ku leƙa ofishin 'yan sanda ko na Sibil Difens na ƙaramar hukuma ku nuna takardar. Ku yi mata hoto kofi uku, ɗaya kullum a aljihu.

Kuɗin da ke nan kaɗan ne: goro ko dabino na gaisuwa, da ɗan abin sayen ruwa ga mai rakiya duk ranar da aka fita.

3. Tsofaffi tukuna

Ƙarfe zai jira ka shekara goma. Tsoho mai shekara tamanin da biyar ba shi da wannan alkawarin. Saboda haka wannan matakin ya riga awo, ya riga zuwa Kaduna neman tsofaffin takardu.

Kada ka nemi manyan ma'aikata kaɗai. Da yawa daga masu riƙe da ofis a tashoshin Arewa a wancan zamani mutanen Kudu ne, kuma rikicin 1966 ya sa da dama sun tafi ba su dawo ba. Waɗanda suka rage a gari su ne leburorin dogo da helumansu, 'yan dako, 'yan baranda masu sayen gyaɗa, masu awo a sikeli, da matan da suka yi tallar fura da dafaffen ƙwai ta tagar tarago suna 'yan mata. Waɗannan matan sun fi kowa sanin lokacin jirgi, don cinikinsu a kansa yake. A tura mace ta shiga gida ta zauna da su. Namiji daga zaure ba zai samu rabin labarin ba.

Lokacin da ya fi shi ne da hantsi ko bayan la'asar. Kada ka je ranar kasuwar garin. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda ta waya, ka kuma sa wayar a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya na iya katse maka hirar awa guda. A farkon kowace hira ka faɗi kwanan wata da wuri da bakinka, su shiga cikin sautin.

Kada ka ce, "Baba, ba mu tarihin jirgi." Zai fara daga zuwan Turawa, ya bi ta kan abin da ya ji a rediyo, ka tashi ba ka samu komai ba. Tambayi ƙananan abubuwa:

"Baba, in mutum ya fito daga gari, sikelin yana hannun dama ne ko hagu?"

"Ina kan jirgin yake tsayawa ya sha ruwa?"

"Buhu nawa mutum ke ɗauka kafin a biya shi sule?"

Irin wannan tambayar ce ke buɗe ƙwaƙwalwa. Wani dattijo da muka yi kwana biyu muna fama da shi a zaure bai ce komai ba, ranar da muka ɗauke shi a babur muka kai shi tashar, sai ya sauka ya dogara sandarsa, ya tafi kai tsaye wani fili da babu komai sai tumfafiya, ya caka sandar a ƙasa ya ce, "Nan rijiyar take." Muka tona taƙi ɗaya muka tarar da bakin siminti. In tsoho na iya tafiya, kai shi wurin.

Tsofaffi ba sa ƙirga da shekarun Turawa, da sarauta da manyan abubuwa suke ƙirgawa. Ka rubuta waɗannan a bangon littafinka, su ne ma'auninka. A Kano, Sarki Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953, Sarki Sanusi na ɗaya 1953 zuwa 1963, Sarki Ado Bayero 1963 zuwa 2014. A Haɗeja, Sarki Haruna 1950 zuwa 1984. Zuwan Sarauniya 1956, 'yancin kai 1960, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannu a titi 1972, shigowar naira da kobo 1973. In ya ce, "Lokacin ina da aure ɗaya," sai ka tambaye shi wane sarki ke kan gado, kuma da sule ake ciniki ko da naira.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, magana ɗaya daga bakin mutum ɗaya ba ta zama tarihi ba tukuna. Ka rubuta ta, ka sa mata alamar tambaya, sai wani wanda ba su zauna tare ba ya maimaita ta. Kuma kada ka haɗa tsofaffi biyu a hira ɗaya da farko, ƙaramin zai yi ta cewa "haka ne" don kunya. Na biyu, daren ranar ka tura sautin zuwa wata wayar ko kwamfuta, ka kuma rubuta muhimman maganganun a littafi. Mun yi asarar hira uku da wayar ɗayanmu ta faɗa randa. Ɗaya daga masu hirar ya rasu kafin mu koma.

4. Awo a fili

Kayan aiki: tef mai mita 30 ko 50 irin na magina, ƙaramin tef na tela, alli, fensir, farar takarda, burushin waya, sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya daidai, da takalmi rufaffe. A fita daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ciyawa ta bushe, harsashin gine-gine ya bayyana, rana kuma ba ta yi zafi ba. Kada ka zura hannu cikin kwalbati ko ƙarƙashin tarin ƙarfe, gidan maciji da kunama ne. Kuma kowane dogo ka ɗauke shi kamar jirgi na tafe. A sa mutum ɗaya aikinsa kallon gabas da yamma kawai.

Fara da gwada tef ɗinka a kan dogon kansa. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe, daga ciki zuwa ciki, ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Wannan shi ne ƙaramin layi na da. Sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne, don haka hotunansu ba za su yi maka amfani ba.

Zaɓi abu ɗaya da ba ya motsi, kamar kusurwar ofishin tasha, ka mai da shi mafari. Duk awo daga nan zai tashi. Auna tsawon ginin da faɗinsa, ƙofofi da tagogi, nisansa da dogo, tsawon dakalin fasinja, inda layi ya rabu biyu da inda ya sake haɗewa, sito, gidajen ma'aikata, tankin ruwa ko ƙafafunsa in su kaɗai suka rage. Auna tazarar ƙarafan da aka gicciya a ƙarƙashin dogo, da tsawon guda ɗaya.

Abin da ya fi ƙarfin tef, kamar tanki ko dogon sigina, kada ka hau. Inuwa za ta auna maka. Kafa sandarka ta mita ɗaya, auna inuwarta, nan take ka auna inuwar tankin, ka raba. In inuwar sanda santimita 80 ce, ta tanki mita 6.4, tsayin tankin mita 8 ke nan.

Yanzu ka durƙusa ka duba cikin ƙarfen dogo, wato gefensa tsakanin kai da gindi. Masana'antu kan fitar da rubutu a nan: sunan kamfani, shekarar da aka narka ƙarfen, da nauyinsa. Goge da burushi, shafa alli a kwance, rubutun zai fito. Ko ka ɗora takarda ka goga fensir. Amma a kula, shekarar da ke jikin ƙarfe shekarar ƙera shi ce, ba ta shimfiɗa shi a nan ba. Akan ciro tsohon ƙarfe daga babban layi a kawo shi reshe, akan kuma sauya wanda ya lalace. Ka karanta goma ko ashirin a wurare daban-daban, musamman a layukan gefe inda ba a cika sauyawa ba.

Hoto: kowane gini ta fuska huɗu, kana tsaye daidai tsakiyarsa, sandar mita ɗaya a jingine da bango. In ka koma gida ka buɗe Google Earth ka duba tashar daga sama. Sau da yawa sawun layin da aka cire yana nan kamar tabo a ƙasa, wanda mai tafiya a ƙasa ba ya gani.

5. Takardu: Kano da Kaduna

Sai ka san tambayoyinka za ka tafi, in ba haka ba kuɗin mota kawai za ka ƙona. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da gidan tarihi na Gidan Makama, da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Gidan Arewa. Ka tafi da katin shaida da takardar gabatarwa, ka tambayi ƙa'idarsu kan ɗaukar hoto kafin ka fito da waya. Ka ware kwana biyu aƙalla, don ranar farko a duba kundin jerin fayiloli take ƙarewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman "Jigawa". Sai 1991 aka ƙirƙiri jihar. Takardun zamanin Turawa na Ringim, Gumel da Haɗeja duk a ƙarƙashin Lardin Kano suke, a fayilolin da ake wa laƙabi da KANOPROF. Na Nguru kuwa a Lardin Barno. Sa'annan Turawa sun rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya ji: za ka ga Hadeija, N'Guru, Mallam Maduri. Ka nemi kowane suna ta rubutu biyu ko uku.

Kada ka tsaya kan fayil mai sunan reluwe kaɗai. Rahoton shekara na gunduma, takardun filayen kantuna a bakin tasha, da na cinikin gyaɗa, a nan ake samun taswirar tasha da sunayen kamfanonin da suka kafa sikeli. Tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, su ma a duba su. Duk takardar da ka ɗauka, ka fara ɗaukar bangon fayil ɗin da lambarsa. Hoton takarda da ba a san fayil ɗinta ba, marainiya ce.

Wannan tafiyar ita ce ta fi komai cin kuɗi a aikin: mota, kwana, abinci. Mutum ɗaya ya je a madadin kowa, a yi masa karo-karo.

6. Abin da ake tarawa da abin da ba a taɓawa

Ƙa'idar gajeriya ce. Abin da ke jikin dogo ko jikin ginin tasha, hoto kawai. Ƙusa, noti, allon suna, ƙarfen sigina, ko a ƙasa ka tsince su a harabar tasha, bar su. Kada kuma ka saya a wurin 'yan gwangwan. In ka saya yau, gobe wani zai je ya kwance don ya san akwai kasuwa.

Abin da ake tarawa shi ne na cikin gidaje: tsohon tikiti, takardar ɗaukar aiki ko ta fansho, rasiɗin kaya, hula, maɓallan kaki, usur, fitilar hannu, hotuna. Ko waɗannan ma, ni shawarata a ɗauki hotonsu a bar wa iyalin kayansu. Mutum ya fi sakin jiki ya fito maka da komai in ya san ba rabuwa zai yi da shi ba. Shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, kashe filashi, ɗauki gaba da baya. Bayan hoto ma a ɗauka, can ake samun hatimin mai hoto da kwanan wata. Tikiti in da sule da kwabo aka rubuta kuɗinsa, kafin 1973 aka buga shi.

Wanda aka ba ka kyauta, ka rubuta a littafi: lamba, mene ne, daga gidan wa, wa ya yi amfani da shi, yaushe. Lambar da fensir a bayan takarda, ba da biro ba.

Abubuwa uku ke kashe tsohuwar takarda a hannun masu son ta: laminatin, salatif, da leda. Laminatin ba ya ciruwa, zafinsa kuma na cinye tawada. Salatif na barin tabo. Leda na tara gumi da damina. A sa kowace takarda tsakanin fararen takardu biyu, a ambulan, a adakar ƙarfe, a ɗora adakar kan bulo nesa da bango saboda gara. Ƙarfe mai tsatsa kuma a goge da busasshen burushi a shafa ɗan man keke. Kada a yi masa fenti don ya yi kyau.

7. Ma'auni da zane

Ɗauki ma'aunin 1 bisa 100. Dalili, lissafinsa ba ya buƙatar kalkuleta: mita ɗaya a fili, santimita ɗaya a allo. Ofis mai mita 12 ya zama santimita 12. Mutum ya zama milimita 17. Tsakanin ƙarafan dogo milimita 11. Falle ɗaya na filawud, mai ƙafa 8 da ƙafa 4, santimita 244 ne da 122, wato zai ɗauki fili mai mita 244 da 122.

Yawancin tashoshi sun fi haka tsawo. Kada ka ƙanƙance gine-gine don su shiga. Rage tsawon layin da babu komai a gefensa, ka rubuta a jikin allon cewa an rage.

Mai son jirginsa ya yi tafiya da lantarki, ya koma 1 bisa 64, don a wannan ma'aunin ne dogon wasa mai faɗin milimita 16.5 da ake sayarwa a ƙasashen waje ya yi daidai da namu. Sai dai allon zai ɗauki mita 156 kacal, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa. Ban ba mai farawa shawarar haka ba.

Zana komai a takardar siminti ko kwalin da aka haɗa, girmansa daidai da allon, ka kai wa tsofaffin nan su gani kafin ka manna ko tsinke ɗaya. A nan ne wata tsohuwa ta ce mana mun sa rumfar masu abinci a gefen da ba a yarda mata su zauna ba.

8. Ginin samfurin

Kayan saye: filawud mai kaurin rabin inci falle ɗaya, katako na firam, gam fari na kafinta babban gwangwani, gam mai kamawa nan take, wayar lantarki mai silli ɗaya ta milimita 1.5, ashana, reza, fentin ruwa. Filawud da firam su ne kusan rabin kuɗin. Sauran, kwali da kara da gwangwanin lemo da ƙasa, tsinta ake yi. Ka sa kafinta ya yi wa allon firam ta ƙasa, ya shafa maganin gara. Allo marar firam yana lanƙwashewa da damina ta farko, dogon ya ɓalle.

Dogo ake fara shimfiɗawa. Ja layin tsakiya da zare. Yanke kan ashana, ka raba tsinken gida biyu, kowane kusan santimita 2, su ne ƙarafan gicciye. In tazarar da ka auna a fili santimita 70 ce, a allo milimita 7 ke nan, layi ɗaya zai ci guntaye wajen 350. Aikin dare uku ne, a raba wa yara. Fere robar wayar, ɗaure bakinta a ƙarfen taga, ka ja da filaya da ƙarfi sai ta miƙe sak. Sami guntun katako ka yi masa tsaga biyu masu tazarar milimita 11, ka riƙa jan sa a kan wayoyin kana ɗiga gam. In ka dogara da ido, dogon zai fito kamar sawun maciji.

Ƙasa: ɗebo ta daga tashar kanta, ba daga ƙofar gidanka ba, launin ba ɗaya ba ne. Tankaɗe ta da rariya, ka soya ta a kasko don kashe ƙwan ƙwari. Tsakuwar dogo kuma yashi mai ɗan gwaɓi. Barbaɗa a bushe, gyara da gashin kaza, sa'annan ka haɗa gam fari da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun ruwa, ka ɗiga da sirinji. Kada ka taɓa sai bayan kwana guda.

Gine-gine da kwali mai ƙarfi. Yanke ƙofofi da tagogi tun kwalin na shimfiɗe, kafin a haɗa bango. Kwanon rufi: yanke gwangwanin lemo, miƙe shi, ɗora kan matsefi mai ƙananan haƙora, ka bi da bakin biro da ya ƙare. Gidajen gari da katangu da yumɓu. Bukkoki da zana da bawon kara. Bishiya da murɗaɗɗiyar waya da soson katifa, amma a tuna da kaka ne: kuka ba ganye, ciyawa ruwan ƙasa. Kuma ka tambaya ko darbejiyar da ke bakin tashar yau tana nan a shekararka.

Buhunan gyaɗa su ne suka ba mu kunya. Buhu a wannan ma'aunin bai wuce ƙwayar wake ba, sai muka ce ai ga wake. Muka jera tari guda mai kyau, muka shafa fenti. Bayan wata biyu ƙwari suka huda shi, ɓera ya ƙarasa. Kada ka sa komai da ake ci, har da kullun fulawa a madadin gam. Murza yumɓu ƙanana, ka danna da yatsa, ka shanya. In tarin babba ne, yi ƙwaryarsa da kwali ka lulluɓe bayan kawai.

Kan jirgi da taragu su ne na ƙarshe, don su suka fi wuya. Jiki da kwali ko totuwar kara, tukunyar kan jirgi mai kwal da bututun roba, ƙafafu da maɓallan riga. Ƙirga ƙafafun daga tsohon hoto, kada ka ƙirƙira. Launi ma a tambaya. Kore da ɗorawa da muka saba gani a taragun baya-bayan nan ba dole ne su zama na shekararka ba. In an gama fenti, goga ɗan toka da garin gawayi a rufi da gefen taragu. Tashar da ke aiki ba ta taɓa yin tsaf kamar sabon kwano ba.

9. Rufi da alamomi

Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta binne aikin. A sa mai gilashi ya yi masa murfi, in kuɗi bai kai ba a yi firam na katako a ja farar leda mai kauri. A ɗora kan tebur, ƙafafun tebur a cikin gwangwanaye masu ɗan baƙin mai saboda tururuwa da gara, nesa da taga.

A liƙa ƙananan lambobi a kan kowane gini, a gefe kuma takarda mai bayanin kowace lamba da inda aka samo ta: wannan daga awo, wannan daga hoto, wannan daga bakin mutum biyu. Abin da kuka yi da ka, ku rubuta cewa da ka aka yi. Ku bar littafi da fensir a gefen teburin. A namu, wani baƙo da ya zo ɗaurin aure ya rubuta cewa tankin ruwan ƙafa shida gare shi ba huɗu ba, ya bar sunan unguwarsu. Mun je mun same shi, mun koma tashar mun tona, mun ƙara ƙafa biyu.